Na sabunta manhaja, yanzu baki daban murya daban: muhawara a zauren masu bidiyo na Zangon Kumasi

Fuseini Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Ina neman agaji. Ina tsakiyar haɗa bidiyon wani aure da muka ɗauka a Sawaba, sai manhajar nan da yawancinmu ke editin da ita ta kawo sabuwar fitowa, na sabunta. Tun daga nan abu uku suka same ni. Sauti yana ƙaraf-ƙaraf in na kunna. Hoto yana tsalle, ga fankar laftof tana ihu. Na ukun shi ya fi tada min hankali: wajen nasihar liman, da farko baki da murya suna tafiya tare, amma kafin a kai ƙarshe murya ta riga baki da kusan daƙiƙa biyu. Gwaggon amarya za ta koma Italiya ranar Lahadi, kuma ta ce da bidiyon za ta tafi.

Awudu Alabar: Wa'alaikumussalam. Wa ya aike ka sabuntawa ana tsakiyar aiki? 😂

Masta Iddi Asawase: Awudu bar shi da abin da ya dame shi. Fuseini ɗana, cire sabuwar ka mayar da tsohuwar, ka gama aikin mutane. In gwaggo ta hau jirgi sai ka zauna ka yi ta bincikenka.

Fuseini Aboabo: Masta na gwada. Tsohuwar ta ce ba ta san fayil ɗin ba.

Mumuni Tech Junction: Haka abin yake, Masta. Da zarar sabuwar fitowa ta buɗe aiki ta adana shi, ta sauya masa tsari, tsohuwar ba za ta iya karanta shi ba. Yaya Fuseini, duba jakar da manhajar ke ajiye kwafi da kanta, mai yiwuwa akwai na kafin sabuntawa. In babu, za ka iya fitar da layin aikin a matsayin XML ka shigar a tsohuwar. Yankan da ka yi zai biyo ka, amma rubutun kan hoto da gyaran launi da wasu kwalliya sukan zube a hanya.

Fuseini Aboabo: Akwai kwafin, amma na kafin in haɗa walima da kamu ne gaba ɗaya. Komawa can kamar sake aikin ne daga tushe.

Sherifa Nima: Sannunku da aiki. Ni daga Accra nake bin zancen, kuma aikina sauti ne a gidan rediyo, don haka ta nan zan shigo. Yaya Fuseini, kada ka ɗauki abu ukun nan a matsayin cuta ɗaya don kawai rana ɗaya suka bayyana. Ka amsa min tambaya biyu. Ƙaraf-ƙaraf ɗin, in ka fitar da minti ɗaya ka kunna a waya, yana nan? Sannan rabuwar baki da murya, a duk faifan ne ko a wasu?

Fuseini Aboabo: Hajiya Sherifa, na fitar da minti ɗaya yanzu. A waya sauti garau yake, babu ƙaraf. Rabuwar kuwa tana nan, kuma a nasihar liman ce da wajen rawar ƙawaye. Sauran lafiya lau.

Sherifa Nima: Madalla. Ƙaraf ɗin ke nan ba a cikin aikinka yake ba, tsakanin manhaja da lasifikarka yake. Wannan mai sauƙi ne. Su faifai biyun da suka rabu, da me aka ɗauke su?

Fuseini Aboabo: Batirin babbar kyamara ya ƙare a masallaci, sai yarona ya ci gaba da waya. Rawar ƙawaye kuma wata ƙawar amarya ce ta turo min ta WhatsApp. Muryar liman daga rikoda na ɗauko, wadda muka jona a jikin na'urar lasifikar masallaci.

Mumuni Tech Junction: To ga ɓarawon nan. Waya ba ta ɗaukar hoto da adadin firem tsayayye, wato hotunan da ake jerawa a kowace daƙiƙa su zama bidiyo. An rubuta 30 a daƙiƙa, amma in wuri ya yi duhu ko wayar ta yi zafi sai ta sauka ƙasa, ta sake hawa, don ta rage wa kanta nauyi. Kyamarar aiki kuwa in ta ce 25, to 25 ce daga farko har ƙarshe. Rikodarka tana tafiya da agogonta ba ta san abin da waya ke yi ba. Sauke MediaInfo, kyauta ce, ka jefa faifan a ciki. Nemi layin da ke maganar yanayin firem. In ka ga Variable, shi ne.

Bashiru PZ: Ku dai kuna ta lissafi. Ni na san laftof ɗin nan, ni na sa mata SSD. Tun hunturun bara ba a buɗe ta ba. Ƙurar Aboabo kaɗai ta isa ta toshe fanka. Kawo ta Adum gobe in hure ta in sauya man kan furosesa, ka ga ikon Allah.

Awudu Alabar: Bashiru ko ciwon kai ka ce kana yi, cewa zai yi ka kawo laftof Adum.

Bashiru PZ: Ka yi dariya. In furosesa ta doshi digiri 95 zuwa 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ba ni na ƙirƙiro ba. Ya sa HWiNFO ya duba zafin yana kunna bidiyon.

Sherifa Nima: Malam Bashiru maganarka gaskiya ce a wurinta, amma ƙura ba ta jira ranar sabuntawa ta shiga ba. Jiya da safe laftof ɗin tana aiki da ƙurarta. Kuma zafi ba ya raba murya da baki a faifan da aka riga aka fitar.

Fuseini Aboabo: Mumuni, Variable ya rubuta. Dukansu biyu.

Masta Iddi Asawase: To ni ga tambayata, ku 'yan boko. Faifan nan na waya jiya ma Variable ne. Me ya sa tsohuwar ta riƙe shi daidai, sabuwar ta sake shi? Kun ga dalilin da ya sa nake cewa a bar abin da ke aiki ya yi aikinsa. Ni tun zamanin kaset na VHS nake wannan sana'a, lokacin da muke haɗa injin bidiyo biyu da kebul muna danna rikod da fos. Inji ɗaya sai ya shekara goma bai sauya hali ba.

Mumuni Tech Junction: Tambaya mai kyau Masta. In manhaja ta karɓi faifai, takan yi wa kanta wasu ƙananan fayiloli a gefe: jadawalin inda kowane firem yake, da kwafin sautin da ta warware, da zanen igiyar sauti da muke gani a layi. Su ake kira kesh. Sabuwar fitowa takan zo da sabuwar hanyar karanta faifai, wani lokaci ta mayar da aikin kan katin hoto maimakon furosesa. In ta tarar da tsohon kesh, ko ta sake lissafa faifan da ba shi da tsayayyen firem, sai lissafin ya fita daban da wanda Yaya Fuseini ya daidaita murya a kansa. Faifan kyamara ba su da wannan matsalar, don ko ta wace hanya aka ƙirga su amsa ɗaya ce.

Masta Iddi Asawase: Wato dai maganata ce ka faɗa da dogon Turanci.

Mumuni Tech Junction: Rabinta ce Masta 😄 Faifan da ma can gurgu ne, tsohuwar tana tallafe da shi ne kawai.

Sherifa Nima: Bari in ba ku yadda nake gane irin rabuwar, domin kowace da maganinta, kuma mutane suna ɓata dare suna jan sauti gaba da baya a banza.

In tazarar ɗaya ce daga farko har ƙarshe, ka ja sautin sau ɗaya ka huta. Wannan yakan faru a wajen Maulidi ko wa'azi a fili. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka in kyamara tana nesa da lasifika da mita 34, muryar da makirufon kyamara ya kama ta makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wato firem biyu da rabi a 25. Ido yana ganin wannan.

In tazarar tana ƙaruwa a hankali kuma daidai wa daida, lissafi ne ya saɓa. Faifan 29.97 da aka ɗauka a matsayin 30 yana bambanta da daƙiƙa 3.6 a awa ɗaya. In kuwa sautin da aka ɗauka a ma'aunin 44,100 a daƙiƙa ne aka karanta shi a matsayin 48,000, ba ma za ka yi tambaya ba: muryar liman za ta siranta ta yi sauri, awa ɗaya ta koma wajen minti 55.

In kuma tana ƙaruwa nan, ta tsaya can, ta sake tsalle, to firem marar tsayuwa ne. Shi ba a gyara shi a kan layin aiki. Ka daidaita tsakiya, ƙarshe ya kuɓuce. Sai an sake dafa faifan tukuna.

Fuseini Aboabo: Na uku ne nawa. Ta yaya ake sake dafawar?

Mumuni Tech Junction: HandBrake, ita ma kyauta. Buɗe faifan, ka je sashen bidiyo, ka zaɓi adadin firem da kanka, ka danna Constant Framerate, kada ka bar shi a Peak. Ingancin ka sa RF 18, ido ba zai ga bambanci ba. In kana da wuri a disk, Shutter Encoder ta fi, don za ta ba ka fayil a tsarin ProRes ko DNxHR, su kuma kwamfuta ba ta wahala wajen karanta su. Amma suna cin wuri: ProRes 422 a 1080 da firem 30 yana kai kusan gigabait 66 a awa. In ka gama, kada ka goge tsohon daga layin aiki. Yi amfani da umarnin musanya faifai, ka nuna mata sabon, yankanka zai zauna a inda yake. Sai ka sake daidaita muryar rikoda sau ɗaya.

Fuseini Aboabo: Firem nawa zan sa? Aikin a 25 yake, wayar kuma 30.

Masta Iddi Asawase: 25 mana. Wutar lantarkinmu sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa, ba 60 irin ta Amurka ba. Shi ya sa in kuka ɗauki ɗakin amarya da waya a 30 kuke ganin fitila tana kyaftawa. Na gaji da faɗa wa yara wannan.

Mumuni Tech Junction: Wajen ɗauka Masta ya yi daidai, 25 ko 50. Amma wanda an riga an ɗauka a 30, ko ka mayar da shi 25 a HandBrake ko ka bar manhaja ta yi, sai an zubar da firem biyar a kowace daƙiƙa. A nasihar liman da yake zaune ba wanda zai lura. A rawa za a ɗan ga tsalle. Ni nasiha zan mayar 25, rawa in tsayar da ita a 30 in bar manhaja ta gauraya firem ɗin.

Rukaya Tafo: Ku yi haƙuri in tsoma baki. Ni kwalliyar amare nake yi, da waya nake komai. Me ya sa bidiyon da na tura wa mai editin yake fitowa fari fat, kwalliyar duk ta wanke? Amare suna cewa ni na yi musu fari da yawa.

Mumuni Tech Junction: Anti Rukaya iPhone ce?

Rukaya Tafo: Eh, 13.

Mumuni Tech Junction: Tun daga iPhone 12 a 2020 suna ɗaukar HDR, wato hoto mai faɗin haske da launi, in ba ki kashe ba. In aka sa shi a aikin da ba na HDR ba ba tare da an juya launin ba, sai ya yi fari. Shiga saitin kyamara ki kashe HDR na bidiyo, a wajen tsarin fayil kuma ki zaɓi Most Compatible. Kuma ki riƙa turawa a matsayin dokumen, kada WhatsApp ya matse shi.

Admin: A dawo kan matsalar Fuseini don Allah, lokaci yake nema. Anti Rukaya in da saura a buɗe masa zance daban.

Sherifa Nima: To ƙaraf-ƙaraf. Sabuntawa takan mayar da saitin na'urar sauti yadda ya zo daga kamfani. Shiga wajen saitin sauti na manhajar. Inda aka ce na'urar shigar da sauti, in ba ɗaukar murya kake ba, ka sa babu. Sau da yawa wannan kaɗai yana kashe ƙarar, domin manhaja tana ƙoƙarin riƙe makirufo da lasifika a tare alhali ɗaya yana 44,100 ɗaya yana 48,000. Sannan ka je saitin sauti na Windows ka sa lasifikar a 48,000, shi ne ma'aunin bidiyo. 44,100 gadon faifan CD ne. Ka ɗaga bafa, wato ɗan sautin da manhaja ke tarawa kafin ta kunna, daga 256 zuwa 1024. A 48,000 wannan jinkirin kusan milisakan 21 ne, bai kai firem ɗaya ba, mai editin ba zai ji shi ba. Da me kake saurare?

Fuseini Aboabo: Iyafis na Bluetooth.

Sherifa Nima: Cire shi. In manhaja ta taɓa makirufonsa, sai ya sauka yanayin kiran waya, sautin ya koma kamar daga cikin gwangwani. Kuma Bluetooth da jinkirinsa yake zuwa, ka daidaita baki da murya da shi ka fitar ka ga ba su haɗu ba. Nemi iyafis mai igiya, ko na sidi kaɗan ne daga kasuwar Kejetia.

Alhassan Maamobi: Duk wannan wahalar ta mene ce? Ku dawo DaVinci Resolve. Akwai ta kyauta, babbar kuma dala 295 sau ɗaya.

Awudu Alabar: Ga shi nan ya iso. Ko rasuwa aka sanar sai Alhassan ya ce a koma Resolve.

Masta Iddi Asawase: Mutum yana da kwana uku a hannu ka ce ya koyi sabuwar manhaja? Alhassan ka ji tsoron Allah.

Alhassan Maamobi: Na ce ne don gaba.

Fuseini Aboabo: Hajiya Sherifa Allah ya saka da alheri, ƙaraf ya tafi tun da na sa shigar da sauti a babu. HandBrake na kan aiki. Saura tsallen hoto. Laftof ɗin RAM 16 ce, katin hoto GTX 1650.

Mumuni Tech Junction: Bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ka gwada bayan kowane, don ka san wanda ya yi maganin. Rufe aikin ka share kesh gaba ɗaya daga cikin saitin manhaja. Ba ya taɓa faifanka. In ka sake buɗewa ka bar ta ta gama gina sabo kafin ka danna komai, zai ɗauki lokaci. Bayan haka direban katin hoto, wato ƙaramar manhajar da ke tuƙa katin. Sabuwar fitowa takan nemi direba sabo, in ta tarar da tsoho sai ta ajiye katin ta ɗora komai a kan furosesa, shi ya sa fanka ke ihu. NVIDIA na da iri biyu, na wasa da na Studio, ɗauki na Studio. Sannan laftof irin taka kati biyu gare ta, ƙaramin Intel da babban. Windows na tuna zaɓinka ne da adireshin fayil ɗin manhaja, sabuwar kuma ta sauka a sabuwar jaka, don haka ka koma saitin girafik ka sake ce masa wannan ma a ba ta babban. Buɗe Task Manager kana kunna bidiyo ka ga wanne ke motsi.

Bashiru PZ: Kuma a jone da caja. Na ga masu editin a kan batiri lokacin dumsor, wato ɗauke wuta, suna zagin kwamfuta, alhali ita ce ta rage ƙarfinta don batiri ya jima. Faifan kuma suna ina, ciki ko disk na waje?

Fuseini Aboabo: Na waje.

Bashiru PZ: Ramin da ka soka shi, shuɗi ne ko baƙi? In baƙi ne, wato USB 2, da ƙyar zai ba ka megabait 40 a daƙiƙa. SSD ɗin da ke ciki tana kai 500. Kwafe aikin ciki in da wuri.

Sherifa Nima: Wannan kam na ba ka, Malam Bashiru.

Mumuni Tech Junction: Abu ɗaya kuma. Babbar kyamarar a wane tsari take ɗauka? In H.265 ne mai 10-bit 4:2:2, katin 1650 ba ya warware shi, furosesar Intel ta ƙarni na 11 zuwa sama ce ke iyawa. In haka ne kada ka wahalar da kanka, yi furoksi: ƙananan kwafi masu sauƙi da za ka yi yanka da su, wajen fitarwa manhaja ta koma kan na asali. Ka sa ta yi da dare.

Masta Iddi Asawase: Da dare in an bar wuta.

Fuseini Aboabo: Barkanmu da asuba. Ga yadda ta kasance. Share kesh bai sauya tsallen ba. Direba ne: da na sa sabon na kuma zaɓi babban kati, Task Manager ya nuna yana aiki, hoto ya daina tsalle in ban da wajen da na jera kyamara biyu, shi ma da na rage ingancin kallo zuwa rabi ya tafi. Ramin USB shuɗi ne da ma. Nasihar liman ta zauna daram daga bismilla har fatiha. Zafi kuwa ya kai 93, Bashiru, don haka zan zo, amma sai bayan Lahadi.

Bashiru PZ: Na faɗa muku.

Awudu Alabar: Ba ka faɗa ba, cewa ka yi ƙura ce ta raba liman da muryarsa.

Masta Iddi Asawase: Alhamdu lillahi. Ni dai tawa tana nan a tsohuwar fitowa, na kashe sabuntawa ta kai tsaye, kuma ba zan taɓa ba sai bayan Babbar Salla in aure ya yi sauƙi.

Mumuni Tech Junction: Ba laifi Masta, ana ma iya ajiye biyun a kwamfuta ɗaya, a gwada sabuwar da kwafin aiki. Amma kwamfutar shagonka Windows 10 ce, kuma Microsoft ta daina tallafa masa tun 14 ga Oktoba 2025. Wata rana kwastoma zai kawo faifan sabuwar waya tsohuwar ta ƙi buɗewa.

Masta Iddi Asawase: Ranar sai in kira ka, ai don haka aka kai ka jami'ar Tech.

Fuseini Aboabo: Saura ƙaramin abu ɗaya. Fulagin, wato ɗan ƙarin da ake jona wa manhaja, da nake rage hayaniya da shi ya ɓace daga jerin. Wajen kamu akwai janareta a bayan rumfa, muryar gwaggon da kanta tana ciki.

Sherifa Nima: Mai yiwuwa na tsohon tsarin fulagin ne, VST2. Steinberg, masu tsarin, sun sanar tun 2022 cewa suna barinsa, manhajoji kuma suna komawa VST3. Sa ta sake binciken fulagin, in bai fito ba ka duba ko masu shi sun fitar da na VST3. In lokaci ya ƙure, Audacity za ta yi: zaɓi daƙiƙa biyu inda janareta kaɗai ke ƙara ba mai magana, ka ba ta a matsayin samfur, sannan ka rage a hankali. In ka matsa da yawa muryar za ta koma kamar a ƙarƙashin ruwa. Minti nawa ne wajen?

Fuseini Aboabo: Kamar huɗu.

Sherifa Nima: Fitar min da shi WAV a 48,000, ka haɗa da ɗan wurin da ba a magana, ka turo a matsayin dokumen. Ina tashi daga aiki bayan La'asar, zan duba.